Sai Dakta Ya Iso

A gidan Malam Sha'aban, a wani ƙauye da ke arewa da Minjibir, idan ciwon Raudatu ya tashi ba a kai ta asibiti sai Dakta ya iso. Ba wanda ya taɓa zama ya kafa wannan doka. Amma shekara tara ke nan ana bin ta.

Raudatu sikila ce, shekararta ashirin da shida, sana'arta ɗinkin hula. 'Yar ƙanen Malam Sha'aban ce, a hannunsa ta tashi bayan rasuwar iyayenta. Dakta kuwa shi ne Kamaruddeen, ɗan farin gidan, malami a wata jami'a a birni. Ba likitan asibiti ba ne, mai bincike ne. Mahaifiyarsa, Inna Hure, ba ta taɓa kama sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. Shekara talatin tana cewa "yaron nan", sai da ya yi digiri na uku ta samu abin kiransa.

Aikin Dakta a kan tambaya ɗaya yake: me ke sa ƙwayoyin jinin mai sikila su yi danƙo, su manne a bangon ƙananan jijiyoyi, su toshe hanya? Toshewar nan ita ce ciwon. Yana da wasu bututun gilashi sirara kamar gashi, yana tura jini ta cikinsu, yana ƙirga ƙwayoyin da suka maƙale. Ya taɓa yi wa mahaifinsa bayani a zaure da misalin ƙanzo a gindin tukunya, Malam Sha'aban kuma ya yi ta maimaita shi ga duk wanda ya zo gaisuwa har damina ta fita.

Matsalarsa ita ce jinin da yake so ba ya samuwa a birni. Jinin farkon ciwo yake so, kafin a sha magani, kafin allura, kafin ƙarin ruwa. Masu sikila na birni kafin su iso wurinsa sun riga sun sha abin da suka samu. Mutum ɗaya ce ya sani da za ta jira shi.

Wata Talata cikin Agusta aka kwana ana ruwa. Raudatu ta farka da ciwo a ƙugu da cinyar hagu, irin wanda ta sani, kamar ana kafa ƙusa a cikin ƙashi. Ta jira aka idar da salla, sannan ta ɗaga labule.

"Inna, ya tashi."

Inna Hure tana dama koko. Ba ta saki ludayin ba.

"Tun yaushe?"

"Tun kiran farko."

"To. Ya ce a riƙa lura da lokacin."

Ta ɗauko waya ta kira Dakta, ta saurara, ta ce "to" sau uku, ta kashe.

"Ya ce ga shi nan tafe."

Magungunan Raudatu suna cikin akwatin Inna, mabuɗin kuma yana ƙulle a gefen zaninta. Bayan awa ɗaya Raudatu ta sake kira daga ɗaki.

"Inna, ko guda ɗaya ce ki ba ni."

"In ba ki ki ɓata masa? Mutum ya bar ɗalibai ya kamo hanya saboda ke. Sha ruwa. Ruwa bai hana ba."

Awa uku da minti goma aka yi. Motar ta tsaya a bakin gonar masara saboda taɓo, Dakta ya ƙaraso a ƙafa, ya naɗe wando, yana riƙe da shuɗiyar kula mai ƙanƙara. Ya durƙusa a zaure ya gaida mahaifinsa, ya tambayi gona, ya tambayi ruwa, ya tambayi tsutsar da ta shiga dawa. Sannan ya shigo.

"Rauda, sannu. Daga ɗaya zuwa goma, nawa?"

"Tara, Yaya."

"Madalla," ya ce. Sai ya ɗago. "Sannu nake nufi."

Ya ɗaure mata hannu, ya samu jijiya a karo na biyu, ya cika kwalba huɗu. A jikin kowace ya rubuta R-01 da lokaci, ya jera su a ƙanƙara. Daga nan shi da kansa ya kai ta ƙaramin asibitin bakin titi. Wannan kowa a ƙauyen ya shaida, kuma ana yabonsa a kai. A ƙofar asibitin ya sauke ta ita da Inna Hure, bai kashe mota ba.

"Inna, zan wuce. Jinin nan ba ya son jira. In ya haura awa huɗu ya lalace."

"Maza," in ji Inna Hure. "Allah ya tsare hanya."

Ma'aikaciyar jinyar da ke wurin, Sista Muhsina, ta shekara biyar tana karɓar Raudatu. Ta dubi busassun leɓɓanta, ta dubi audugar da ke manne a gwiwar hannunta.

"Yaushe ya fara?"

"Yanzu-yanzu," in ji Inna Hure.

"Yanzu-yanzu, har an ɗebi jini?"

"Ɗan'uwanta ne. Likita ne."

"Na san shi, Inna. Na ga hotonsa a jarida."

Ta sa mata ruwa, ta yi mata allura. Da Inna ta fita alwala, Sista Muhsina ta gyara tafiyar ruwan, ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Duk awar da kika yi a gida, akwai wurin da jini ba ya kai wa a jikinki. Ƙashin da ya mutu ba ya dawowa. Yayanki ya fi ni sanin wannan. Shi ya rubuta."

Gaskiya ne, shi ya rubuta. A shekara ta huɗu ya fitar da sakamakon da ya sa aka san shi: cewa danƙon ƙwayoyin jini yana kai ƙarshen ƙarfinsa a awannin farko na ciwo, kuma a lokacin ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Aka gayyace shi ƙasashen waje. Masu bincike a wasu wurare suka ɗora nasu aikin a kan nasa. Ya samu ɗalibai, ya samu ɗakin gwaje-gwaje nasa na kansa, aka ƙara masa girma. Malam Sha'aban ya rataye hotonsa a zaure, saman buhunan iri. A ƙarshen kowace takarda da ya wallafa akwai layi ɗaya na godiya ga mara lafiya R-01 da iyalinta. Ya taɓa karanta wa Raudatu layin, ya fassara mata.

Da girma ya ƙaru, jira ma ya ƙaru. Awa uku ta zama biyar. Ranar da yake jagorantar wani taro, daga asuba aka yi har la'asar. Ƙugun hagu ya fara ƙin ɗaukarta. Ta daina zaman tabarma, ta koma ɗinki a kan kujera 'yar tsuguno, daga baya ta koma yi a kwance. Hular da take gamawa a sati biyu ta koma wata guda. Ta daina zuwa islamiyya. Wani maƙwabci ya sassaƙa mata sanda.

Wata rana bayan la'asar ta dogara sandar ta je zaure. Malam Sha'aban yana sa wa fartanya sabuwar ƙota.

"Baba, ina da magana."

"Ina ji."

"Idan ya tashi, a kai ni. Yaya ya same ni a can."

"In ya same ki a can ai sun riga sun sa miki ruwa."

"Sista ta ce jiran ne ya ci min ƙugu."

"Sista ta fi Dakta karatu?"

Ya buga ƙotar a ƙasa sau biyu, ya duba ko ta kama.

"Ke ba ki ga abin da Allah ya yi miki ba. Ciwo kowa yana yi. Amma naki har ƙasar Turawa ana karanta shi. Yara nawa za su tsira ta dalilinki? Kina kwance kina tara lada. Kuma takardar amincewa da binciken nan ni na sa mata hannu, a gaban mutane, tun kina 'yar sha bakwai. Ba zan zama ƙaramin mutum ba. In akwai gyara, ki yi magana da Dakta."

Ta yi magana da Dakta a waya. Ya saurare ta har ƙarshe, bai katse ta ba.

"Rauda, ni ban taɓa cewa a hana ki asibiti ba. Cewa na yi a kira ni tukuna. Takardar ma ta ce kina iya fita duk ranar da kika so."

"To na fita, Yaya."

Ta ji ana buga masa ƙofa a can, ya ce wa wani ya ba shi minti biyu.

"Ki bari mu gama wannan zagayen. Saura kaɗan. Shekara tara a mutum ɗaya, babu inda aka taɓa samun haka. Ki yi tunani. Kuma wannan maganar gida ce, ki yi magana da Baba."

A farkon daminar da ta biyo baya ta gwada hanyarta. Ciwon ya tashi da hantsi, Inna tana bayan gida tana ba awaki harawa. Raudatu ta sa hijabi, ta ɗauki sanda, ta bi ta tsakanin gonaki har bakin titi. Tafiyar minti goma ta ɗauke ta kusan awa. Wani mai keke-napep ya tsaya mata. Da Dakta ya iso da kularsa, ledar ruwa ta biyu ce a rataye. Ya tsaya a bakin gado ya dubi ledar.

"Ba komai," ya ce. "Allah ya ƙara sauƙi."

Ya koma da kular yadda ya zo da ita. Inna Hure ta kwana huɗu ba ta amsa gaisuwarta ba. A rana ta biyar ta yi magana, tana tankaɗe.

"Wanda ya riƙe ki tun kina rarrafe, abu ɗaya ya nema a wurinki. Ba noma ba, ba daka ba. Zama kawai."

Daga ranar, da zarar ciwon ya tashi sai Inna ta ɗauke sandar ta kai ɗakinta. Ta ce tsoro take ji kada yarinya ta faɗi a hanya.

Ranar wata Juma'a cikin Oktoba, an yanke gero ana ɗaurin dami, Malam Sha'aban ya sanar a ƙofar masallaci cewa gobe da ƙarfe goma Dakta zai yi magana a rediyo, kai tsaye, awa guda. Ya faɗi tashar sau biyu.

Da asubar Asabar ciwon ya tashi. Wannan karon ba a ƙugu ba. A ƙirji ya kama ta, ɓangaren dama, da zazzaɓi. In ta ja numfashi sai ya tsaya a rabi.

"Inna, wannan daban ne."

"Kowanne ai daban kike cewa."

Inna ta kira. Dakta ya ce yana shirin shiga gidan rediyo, da an gama zai kamo hanya, sha biyu da rabi yana nan. Inna ta ɗauke sandar, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Raudatu, ta zauna da ƙwaryar gyaɗa tana ɓarewa. Da goma ta yi Malam Sha'aban ya baro masussuka, ya shigo da rediyo, ya ɗora ta a kan turmi a tsakar gida, ya ƙure murya.

Mai gabatarwa ya lissafa digirorin baƙonsa da ƙasashen da ya je. Sannan Dakta ya fara. Muryarsa a rediyo ta fi ta gida kauri. Ya yi bayanin danƙo da mannewa da toshewa. Ya ce binciken shekara tara ya nuna abu ɗaya da yake so kowane uba da kowace uwa su riƙe.

"Awannin farko su ne komai. Duk mai sikila a gida, da ciwo ya tashi a kai shi asibiti. In kuwa ƙirji ya kama, wannan ba a ko tsaya neman takalmi."

"Kun ji ilimi," in ji Malam Sha'aban.

Raudatu tana jingine da bango, don kwanciya ta gagara.

"Inna, kin ji?"

"Na ji. Da mutanen gari yake. Ke ai kina da likita a gida."

Da rabin awa ta wuce mai gabatarwa ya ce an buɗe layi, ya karanto lamba sau biyu. Raudatu ta lalubo wayarta a ƙarƙashin matashi. Sau uku layin yana cike. A na huɗu ya shiga.

"Salamu alaikum," ta ce. Bayan ɗan lokaci ta ji sallamar tata ta fito daga kan turmi.

"Wa alaikumus salam. Malama, ki rage muryar rediyonki."

"Ba nawa ba ne."

"To. Wa ke magana, daga ina?"

"Raudatu ce, daga ƙasar Minjibir." Ta tsaya ta ja numfashi. "Sikila ce ni. Ya kama ni a ƙirji tun asuba. An ce in jira wani sai ya zo. In jira?"

A tsakar gida hannun Inna Hure ya tsaya a cikin ƙwarya. A rediyo ba a ji komai ba sai ƙarar takarda.

"Dakta?" in ji mai gabatarwa.

"Kada ki jira," ya ce a hankali. "A kai ki yanzu."

"Ko da wanda ake jiran babba ne?"

"Ko wane ne."

"Na gode, Malam."

Ta kashe wayar. Mai gabatarwa ya yi mata addu'a, ya ɗauki kira na gaba, wani daga Bici yana tambayar ko zogale yana magani.

Malam Sha'aban ya miƙe tsaye. Ya dubi ɗakin, ya dubi rediyon.

"Ya ce a kai ta."

"Bai gane ta ba ne," in ji Inna Hure.

"Ta faɗi sunanta."

"Raudatu nawa ce a Minjibir? Kuma a rediyo ya faɗa. Ai bai kira ba."

Malam Sha'aban ya ciro wayarsa daga aljihu, ya duba. Babu kira. Ya koma ya zauna, ya ɗora ta a gwiwa yana kallo.

Gidajen ƙauyen katanga ɗaya ce ke raba su, kuma a safiyar nan kowane gida tasha ɗaya ya kama. Ba a yi minti biyar ba aka yi sallama. Asiya ce, matar gidan da ke gabas da su, ta riga ta sa hijabi. Ana jin babur ɗin mijinta yana ƙugi a lungu.

"Inna Hure, mun ji a rediyo."

"Me kuka ji?"

"Dakta ya ce a kai ta."

Wasu mata biyu suka shigo bayanta, ɗaya da garin tuwo a hannu. Suka tsaya. Inna Hure ta dube su ɗaya bayan ɗaya. A gaban mutane ba a musa maganar Dakta a gidan nan. Ta tashi ta ɗauko sandar.

"Dama yanzu muke shirin fita," ta ce.

Aka ɗora Raudatu a babur, Asiya ta zauna a bayanta ta rungume ta. Sista Muhsina ta saurari ƙirjin, ba ta tambayi yaushe ya fara ba. Ta rubuta takarda, ta nemo mota zuwa babban asibiti a birni. A can aka sa mata iskar numfashi, aka ƙara mata jini leda biyu. Likitan da ya duba hoton ƙirjinta ya ce wani ɓangare na huhun dama ba zai koma yadda yake ba. Ya ce da an ƙara awa biyu, da ba wannan maganar ake yi ba.

Dakta ya zo a rana ta uku, hannunsa babu komai. Ya zauna a kujerar gefen gado, ya karanta fayil ɗinta daga farko har ƙarshe.

"Sun ƙara miki jini."

"Leda biyu."

"To ya gauraya da na wasu. Sai nan da wata uku zai koma naki." Ya rufe fayil ɗin. "Tun sallama na gane muryarki."

"Na sani, Yaya."

"Da wayata kika kira, ai da mun yi magana."

"A wayarka cewa kake in yi magana da Baba."

Ya duba agogo, ya ce yana da aji ƙarfe biyu.

A ƙauyen an yi maganar sosai. Ba maganar shekara tara ta jira aka yi ba, domin wannan kowa ya daɗe da sani, an sha ganin motar a bakin gona da shuɗiyar kula. Maganar da aka yi ita ce ta 'yar riƙo da ta kai gidan marikinta rediyo. A ƙofar masallaci aka yi wa Malam Sha'aban jaje, aka ce ya yi haƙuri, yaran yanzu sai addu'a. Matan da suka shiga gidan ranar suka ce su umarnin Dakta suka bi. Jami'ar ba ta tambayi kowa komai ba. Takardar da aka sa wa hannu tana nan a fayil, da tambari, kuma a cikinta babu inda aka rubuta a jira.

A rana ta goma sha ɗaya aka sallame ta. Inna Hure ta zo ɗaukarta, tana ninke zannuwa tana cusawa a jaka. Wata ma'aikaciyar jinya tana cire wa Raudatu allurar bayan hannu.

"Babanki ya ce in faɗa miki an yafe miki," in ji Inna. "Dakta ma ya ce komai ya wuce. Ya ce ki huta, ki ci abinci. Wata uku ba yawa, kamar gobe ne."

Raudatu ta dubi ma'aikaciyar.

"Sista, jinin nan da kuka ƙara min, ana iya ƙara wa mutum duk bayan wata uku?"

"Ana yi wa wasu," in ji ta, tana danna auduga. "Amma sai in akwai dalili."

"Akwai," in ji Raudatu.